INJIN CIRE TAYA DA LAFIYAR 'YA'YANMU MASU FACI

Jawabin da aka gabatar a zauren taron shekara-shekara na ƙungiya





GABATARWA

Da aka nemi mu yi magana a kan sana'o'in matasanmu, mai yiwuwa wasu sun sa ran jin batun noma ko kiwo ko fatauci, tun da yake da su aka san ƙasarmu. Sai muka ga ya dace mu tsaya a kan wata sana'a wadda kowa yake wucewa ta gabanta kullum, amma ba a cika tunawa da mai ita ba sai ranar da taya ta sace, wato sana'ar faci, musamman kuma injin nan na cire taya da mayar da ita, wanda ya fara samun wurin zama a rumfunan masu faci.

Dalilinmu kuwa shi ne, da yawa daga cikinmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas da Sakkwato, idan hali ya samu, mukan sayi injin iska ko injin cire taya mu aika gida, domin ƙane ko ɗan ɗan'uwa ya sami abin dogaro da kai. Wannan niyya ce kyakkyawa wadda ta cancanci yabo. Sai dai sau da yawa injin kaɗai ke isa gida, ilimin aiki da shi kuwa yana nan kulle cikin ɗan littafin da ya zo a kwali, wanda aka rubuta da Turanci ko Sinanci, ba kuma wanda ya buɗe shi. Abin da muke son mu bar muku a yau shi ne, wanda ya aika da inji bai kammala taimakonsa ba sai ya haɗa da abin da zai hana injin cutar da wanda aka ba.

MATSAYIN MAI FACI A ƘASARMU

Layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a shekarar 1929, kuma a nan ya tsaya. Shekaru masu yawa gyaɗa da auduga da fatun wannan yanki a kan dogo suke tafiya kudu. Da harkar jirgin ƙasa ta ja baya, sai nauyin duka ya koma kan taya. Duk buhun gero ko dawa ko wake da aka auna a Kasuwar Daji, da duk sa ko ragon da aka ɗora a Shinkafi, a kan taya zai isa Gusau, ko ya bi ta Zurmi da Jibiya ya faɗa Katsina. A kan taya taki da siminti suke iso mana, a kanta kuma ake gaggauta kai mai naƙuda asibiti.

Tayoyin su ma ba kamar na da ba ne. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008. Tun daga nan akasarin tayoyin da ke ƙarƙashin motocinmu daga waje suke zuwa, kuma saboda tsadar sababbi, direbobi da dama sun koma ga na gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam. Ma'ana, tayar da ke zuwa hannun mai faci a yau sau da yawa tsohuwa ce, ta sha rana, ta sha lodi, ta kuma sha faci a baya.

Ga kuma halin rashin tsaro da hanyoyinmu suka shiga, wanda har ya kai ga rufe kasuwannin mako-mako na Jihar Zamfara na wani lokaci a 2021. Babu direban da yake son taya ta sace masa a daji, babu kuma wanda yake son magariba ta riske shi a hanya. Wannan ya ƙara wa aikin mai faci muhimmanci, ya kuma ƙara masa matsi, domin kowane direba da ya tsaya a rumfarsa kan hanzari yake, ga fasinjoji suna ta ƙorafi. A cikin irin wannan hanzari ne ake tsallake ƙa'ida.

ABIN DA KE CIKIN TAYA

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Yaron da aka ba inji yana tsoron lantarki, yana tsoron ƙarfen da ke juyawa, amma ba ya tsoron iska, alhali iskar ce ta fi kisa. Tun da John Boyd Dunlop ya haɗa tayar keke mai iska a birnin Belfast a 1888, sirrin taya bai canja ba: iska ce ke ɗaukar kaya, roba da waya riƙe ta kawai suke yi.

Ana auna ƙarfin iskar da ma'aunin da ake rubutawa PSI a jikin geji. Tayar ƙaramar mota takan ɗauki 30 zuwa 35. Tayar tirela ko tifa takan ɗauki 100 zuwa 120. Idan geji ya nuna 100, to, kowane ɗan wuri mai faɗin farcen yatsa a cikin tayar yana ɗauke da turi na kimanin kilo 7. Idan aka haɗa wannan turi a duk faɗin gefen babbar taya, ya haura tan 30. Domin mu gane, tan 30 shi ne buhu 600 na siminti, wato lodin tirela guda. Wannan nauyi ne yaronmu yake durƙusawa a gabansa da tiyo a hannu. Ko tayar ƙaramar mota, turin da ke gefenta ya haura tan 3.

Idan taya ta fashe a lokacin hurawa, ƙarfin yana fita ne ta fuskar tayar, wato ta gefenta. In tana tsaye, duk wanda ke gabanta ko bayanta shi zai ɗauka. In tana kwance a ƙasa ko a kan teburin inji, sai ta tashi sama tare da wili, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, ta sami wanda ya sunkuya a kanta a fuska da ƙirji. Saboda haka ƙa'ida ta farko, wadda duk sauran suke bayanta, ita ce kada mutum ya tsaya a fuskar taya ko ya sunkuya a kanta alhali ana hura ta.

YADDA INJIN YAKE

Injin da aka fi sayowa na ƙananan motoci ne, kuma sassansa uku ne. Akwai wani ƙarfe mai kama da shebur a gefensa, wanda aikinsa shi ne matse leɓen taya ya rabu da wili. Akwai tebur mai juyawa da haƙora huɗu masu kama wili. Sai hannun da ke saukowa daga sama, mai lanƙwasasshen ƙarfe a bakinsa, wanda leɓen taya ke bi ya fita ko ya shiga. Da feda ake sarrafa su, wato da ƙafa. Shebur ɗin nan da iska yake aiki, kuma ƙarfin matsarsa ya kai tan biyu ko fiye. Bai san bambancin roba da ƙashin hannu ba.

Abin da ya kamata kowane yaro ya fahimta kafin ya taka feda shi ne sirrin leɓen taya. A cikin leɓen akwai zoben wayar ƙarfe wanda ba ya miƙewa, kuma da'irarsa ba ta kai ta bakin wili ba. To, ta yaya yake tsallake bakin? Amsa ita ce kwarin nan da ke zagaye da tsakiyar wili. Sai ɓangare ɗaya na leɓen ya faɗa cikin kwarin kafin ɗaya ɓangaren ya sami sararin hawa baki. Wanda bai san haka ba sai ya sa ƙarfi, inji kuwa yana da ƙarfin da zai tsinke wayar ba tare da an gani daga waje ba. Tayar da wayar leɓenta ta tsinke ita ce ke fashewa a wurin hurawa, ko kuwa ta jira sai mota ta ɗauki gudu da fasinja.

CIRE TAYA DA MAYAR DA ITA

Kafin a fara, mai aiki ya tattare jikinsa. Riga mai faɗin hannu, da rawani, da zobe, duk abubuwa ne da tebur mai juyawa zai iya kamawa. Ya sa rufaffen takalmi maimakon silifa, ya sa tabarau na kariya saboda tsatsa da tsakuwa. Mutum ɗaya ne ke aiki da inji a lokaci guda, domin idan wani na riƙe da taya wani na taka feda, nan ake rasa yatsu. 'Yan talla da almajirai da fasinjojin da ke son zama a inuwar rumfa, a nuna musu wani wurin da ladabi.

Da farko a kwance 'yar allurar cikin bawul, a bari iska ta fita ƙarƙaf. Daga nan a kai taya wurin shebur, a ɗora bakinsa a kan roba dab da bakin wili, hannu da ƙafa suna waje. A guji matsa daidai wurin bawul, saboda da yawa daga cikin motocin da aka sayar a Amurka tun daga ƙarshen 2007, da na Turai tun daga 2014, suna da 'yar na'urar auna iska a maƙale a bayan bawul, kuma da yawan motocin da ake shigo mana da su irinsu ne. Matsa ɗaya ta isa ta farfasa ta. Bayan an saki leɓe ta fuska biyu, a ɗora wili a tebur, ɓangaren da kwari ya fi kusa da baki yana sama, a tabbatar haƙora sun kama sosai. A shafa ruwan sabulu a leɓe, a saukar da hannun inji a bar ɗan sarari kamar milimita 2 tsakaninsa da wili, a danna leɓen da ke ɗaya ɓangaren cikin kwari, sa'an nan a ɗaga da liba a juya tebur a hankali. Idan tebur ya cije, kada a dage. A ɗaga ƙafa, a juya baya, a duba abin da ya hana.

Kafin a mayar, a goge tsatsar wili, a duba ko ya tsage ko ya lanƙwashe, a duba cikin taya da hannu da ido. Hudar da ke kan zanen taya, in ba ta wuce milimita 6 ba, tana karɓar faci. Hudar gefe kuwa ba ta karɓa, ko da mai mota ya roƙa, domin gefen taya yana lanƙwasawa a kowane juyi, faci ba ya zama a wurin. A karanta lambar da ke jikin taya a gwada da girman wili: taya mai lamba 15 ta wili 15 ce. Mafi haɗari shi ne taya 16 a kan wili 16.5, domin za ta shiga kamar ta dace, amma ba za ta taɓa zama ba, in aka matsa mata da iska sai ta fashe. A kuma lura da kibiyar da ke nuna inda wasu tayoyi suke juyawa, da rubutun da ke nuna fuskar da ke kallon waje. Abin shafawa kuwa ruwan sabulu ne ko man da aka yi don wannan aiki. Baƙin mai da giris da man birki suna cin roba.

HURA ISKA

A nan ne mafi yawan rayuka suke salwanta. Tiyon iska ya zama mai bakin da ke kama bawul da kansa, tsawonsa ya kai aƙalla mita 2, geji da maɓallin buɗe iska suna can wurin hannun mai aiki, yadda zai tsaya daga gefe. Wannan kaya ne mai sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da kuɗin inji, amma shi ne aka fi mantawa da shi.

Yayin da iska ke shiga, leɓe yakan hau mazauninsa da 'yar ƙara. Masu ƙera taya sun yi ittifaƙi a kan cewa kada a wuce 40 wajen zaunar da leɓe. Idan geji ya kai 40 leɓe bai zauna ba, akwai abin da ya hana shi: ko tsatsa, ko rashin sabulu, ko girman bai dace ba. A sace iskar gaba ɗaya, a saki leɓe, a gyara, a sake. Al'adar nan ta ƙara iska har sai an ji ta ce “tas”, yaro na danna taya da gwiwa, ita ce ya kamata mu fara yaƙa. Teburin inji ba a yi shi don ya tare fashewa ba.

MANYAN TAYOYI

Injin ƙananan motoci daban, na manyan motoci daban, kada a tilasta wa ƙarami aikin babba. Da yawa daga cikin manyan motocin da ke lodi a kasuwanninmu suna da wili mai zobe, wato wanda ake kulle taya da zoben ƙarfe bayan an sa tiyub. Idan zoben ya yi tsatsa, ko ya lanƙwashe, ko an ɗauko na wani wili an haɗa, iska na iya cilla shi da ƙarfin da zai raba mutum da kansa.

Wannan haɗari ba a ƙasarmu kaɗai aka san shi ba. Yawan mutuwar ma'aikata ne ya sa hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta kafa doka a kan irin wannan wili a 1980, ta faɗaɗa ta zuwa sauran wilin manyan motoci a 1984. Dokar ta wajabta koyar da ma'aikaci kafin ya taɓa taya, ta wajabta tiyo mai kama kansa, ta kuma wajabta keji na ƙarfe wanda ake sa taya a ciki kafin a hura, mai ƙarfin da zai jure fashewar taya ko da iskarta ta kai ninki ɗaya da rabi na iyakarta. Ta kuma ce tayar da aka yi tafiya a kanta alhali iskarta ta ragu zuwa kashi 80 cikin 100 ko ƙasa da haka, a sace ta gaba ɗaya tun kafin a kwance ta daga mota.

Hikimar wannan ita ce, tayar da aka taka da lodi ba isasshiyar iska, wayoyin gefenta sun riga sun gaji, wasu sun karye a ciki. Da an sake hura ta sai gefen ya yage lokaci guda. Alamarta kumburi a gefe, ko 'yar ƙara kamar ana karya tsinke yayin hurawa. Wanda ya ji wannan ya tsayar da iska daga inda yake tsaye, kada ya matsa kusa don ya duba. A halin da hanyoyinmu suke ciki, inda direba ya gwammace ya ja mota a kan saɓaɓɓiyar taya har ya iso gari, irin waɗannan tayoyi kullum suna zuwa rumfunan yaranmu.

ABUBUWAN DA BA A YI KO DA WASA

Na farko, zuba fetur a cikin taya a ƙyasta ashana domin leɓe ya zauna. Wasu na ɗaukar wannan gwaninta, alhali ba wanda ya isa ya auna ƙarfin wutar da ta tashi a rufaffen wuri.

Na biyu, yin walda a jikin wili alhali taya na kai. Zafi yana sa robar ciki ta fara narkewa tana fitar da tururi mai kamawa, iska ta hau cikin ɗan lokaci, taya ta tarwatse, wani lokaci ma bayan mai walda ya gama ya ajiye kayansa. Sace iska bai wadatar ba, sai an cire taya ɗungurungum. Wilin da ya tsage kuwa, mafi aminci a jefar da shi.

Na uku, dukan zobe ko wili da guduma alhali akwai iska a ciki.

Na huɗu, wasa da tiyon iska tsakanin yaran shago. Iskar da ke cika tayar tirela, in aka kara ta a jikin mutum, tana iya fasa ido ko kunne ko hanji.

Na biyar, shiga ƙarƙashin mota ko cusa ƙafa alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. A tokare da ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri, a kuma sa wa sauran tayoyi waigi.

TUKUNYAR ISKA DA LANTARKI

Injin cire taya yana buƙatar iska mai ƙarfin 115 zuwa 145, saboda haka tukunyar injin iska ita ma abin kula ce. Iskar da aka matse tana tara ruwa a gindin tukunya, musamman da damina, ruwan kuma yana cin ƙarfe daga ciki inda ido ba ya gani. Akwai ɗan famfo a ƙasan tukunya wanda ya kamata a buɗe kullum bayan an tashi aiki. Akwai kuma bawul na tsaro mai sakin iska da kansa idan ta yi yawa, wanda wasu ke ɗaurewa da waya don yana damunsu da huci. Wanda ya ɗaure shi ya toshe ƙofar da haɗari zai fita. Tukunyar da ta fara yoyo ba a yi mata walda, canja ta ake yi. A rufe bel da murfi, a haɗa inji da wayar ƙasa, a ɗaga wayoyi daga inda ruwa ke kwanciya, a kuma cire wuta da iska kafin a sa hannu gyara.

NAMU RABON, MASU MOTOCI

Kada mu ɗora komai a kan masu faci, domin da yawan kurakuran nan mu ne ke sa su. Mu ne ke cewa, “Malam, yi sauri, dare zai yi mini.” Mu ne ke cewa a ƙara iska don mun yi lodi. Iskar da ta dace da mota tana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. Lambar da ke gefen taya iyaka ce da ba a wucewa. A auna taya tana sanyi, domin tafiya da zafin kwalta suna ƙara wa geji lamba, balle a watannin bazara da zafi ke haura digiri 40 a wannan yanki. Wanda ya rage iskar taya tana da zafi, da safe zai same ta ƙasa da ƙa'ida.

Mu koyi karanta shekarun taya. Bayan haruffan DOT akwai jerin lambobi, huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin da kansa ya ba da shawarar a riƙa kai taya dubawa duk shekara bayan ta yi shekara biyar ana aiki da ita, a kuma canja ta in ta kai goma, ko da zanenta bai cinye ba. Bayan an ɗaura taya, a ɗaure noti a tsallake, ɗaya nan ɗaya can, a sake gwada su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ya ambaci gudu fiye da ƙa'ida da fashewar tayar baya, ya kuma lura da cewa ba a ɗaura tayoyin ta fuskar da ta dace ba. Idan haka ta faru da motar minista, ina ga Golf mai ɗauke da fasinja da buhuna a hanyar Zurmi?

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna gabatar wa taro waɗannan shawarwari:

1. Reshen gida ya ƙidaya rumfunan faci daga Kasuwar Daji zuwa Ƙaura, da na Zurmi da Shinkafi, a san masu inji, a san masu aikin manyan tayoyi.

2. Duk ɗan ƙungiya da zai aika da inji ya haɗa da geji mai kyau, da dogon tiyo mai kama kansa, da tabarau, ya kuma fara tura yaron wurin ƙwararre a birnin da yake zaune ya yi 'yan watanni yana koyo. A sa wa mai sayarwa sharaɗin kafa injin da nuna yadda ake aiki da shi.

3. A yi karo-karo a samar da keji aƙalla ɗaya a kowace tashar manyan motoci. A nemi taimakon injiniyoyin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda take tare da mu tun 1983, su tsara shi, domin kejin da aka haɗa da siririn rodi shi kansa zai zama abin da ke cilluwa.

4. A rubuta ƙa'idojin nan a taƙaice da boko da ajami, da zane, a manna a kowace rumfa.

5. A shirya bita ta yini ɗaya duk shekara tare da Hukumar Kiyaye Haɗurra da ƙungiyar direbobi da shugabannin masu faci, a kuma ba dattawan sana'ar dama su yi magana, domin sun ga abin da ba mu gani ba.

6. A sanar da kowa cewa wanda taya ta buga, ko da ya miƙe ya ce ba komai, a kai shi asibiti nan take, saboda jini na iya zuba a ciki ba a sani ba.

KAMMALAWA

Mai girma shugaba, 'yan'uwa, kuɗin geji da tiyo da 'yan watannin koyo bai kai kuɗin jinyar karaya ɗaya a Gusau ko a asibitin ƙashi na Dala ba, balle a yi maganar abin da kuɗi ba ya mayarwa. Yaron da muka saya wa inji, mun saya masa ne don ya yi aure, ya riƙe iyayensa, ya koyar da na bayansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka abin da ya koya a watanninsa na farko shi zai koya wa yaran shagonsa har tsufansa. Muna roƙon kowane ɗayanmu, in ya koma birni, ya kira wanda ya aika wa inji ya tambaye shi tsawon tiyonsa, da inda yake tsayawa idan yana hura taya. In amsar ba ta gamsar ba, to, da sauran aiki a kanmu.

 Allah ya tsare mana matasanmu a wuraren sana'arsu, ya dawo mana da zaman lafiya a hanyoyinmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.